Poncki Biyar a Cikin Oben

Bronia Majewski makwaɗaiciya ce, kuma ba ta taɓa wahalar da kanta wajen ɓoyewa ba. Ranar da aka binne mijinta, ana tsakiyar cin abincin makoki a zauren coci, ta tura a tambayo mata wace ce ta yi kek ɗin nan mai cuku, kuma ko akwai saura. Duk garin Hamtramck an san wannan labarin, don ita da kanta take bayarwa.

Yanzu shekarunta tamanin da uku, tana fama da ciwon suga, tana zaune ita kaɗai a gidan da ta shiga tana amarya. Ɗanta Stan ya riga ya gindaya mata sharaɗi. Ranar Juma'a za a koma wurin likita, in aka tarar sugan ya sake hawa, za ta kwashe komatsanta ta koma gidansa can bayan gari, inda matarsa ke dafa miya ba gishiri.

Abin haushin shi ne, kafin a kai Juma'a sai an bi ta kan Talata. Talatar poncki kuwa, jajibirin azumin coci, rana ce da ko mai haƙori ɗaya a unguwar nan sai ya gatsa soyayyen ƙullin nan mai ciko. Tun ranar Lahadi ta aiki jikanta Derek, ma'aikacin jinya mai shekara talatin da ɗaya, mai gemu da ɗan tumbin da ya fara leƙowa, ta ce ya bi layi a tsohon gidan burodin da ke kusurwa ya sayo mata mai cikon baƙin jam na 'ya'yan itacen plum. Ƙarfe tara da rabi na safe ya turo ƙofar kicin da kafaɗa, kwali a hannu. Busha yake kiranta, kamar yadda kowane jika a nan ke kiran kakarsa.

"Busha, an tashi lafiya? Ashe har yanzu kina nan."

"Ina nan daram. In gado ka zo ɗauka, koma, ba a fara rabo ba. Ka kaɗe ƙanƙarar takalmin nan a waje, ba gidan ubanka ba ne."

"Gidan ubana ne mana. A ɗakin can aka haife shi."

"A asibiti aka haife shi, kuma tun ranar yake ba ni umarni. Miƙo kwalin."

Ya ajiye a kan tebur. Ba ta buɗe ba tukuna. Ta ɗaga shi a tafin hannu ta auna nauyinsa, sannan ta leƙa ƙarƙashinsa. Fes yake, ko ɗigon maiƙo babu.

"Kwalin nan ba kowa a ciki."

"Buɗe ki gani."

Ta buɗe. Wasu abubuwa shida ne ƙanana, farare fat, a jere kamar marasa lafiya a layin ganin likita.

"Su wane ne waɗannan marayun?"

"Poncki ne. Gasa su aka yi maimakon a soya. Ba suga a ciki, kuma garin ma na musamman ne."

"Gasawa."

"Gasawa, Busha."

Ta ɗauki ɗaya da yatsu biyu ta jujjuya shi. "Ina ɗamararsa? Poncki na ƙwarai yana yawo a kan mai, sama ta yi ja, ƙasa ta yi ja, a bar farar ɗamara a tsakiya. Wannan tsirara yake. Kai, ka san ma dalilin da ya sa aka yi wannan rana?"

"Kin gaya min sau talatin da ɗaya."

"To ga na talatin da biyu, tunda kan naka rariya ne. An yi ta ne don a ƙarar da kitse da ƙwai da suga da ke cikin gida kafin azumi ya shigo. Uwata gwaiduwar ƙwai goma take fasawa, ta zuba cokalin barasa a ƙullin don kada ya sha mai, ta soya a kitsen alade. A ƙasarmu ta asali ranar Alhamis ake yi, a nan Talata, ita kuwa duka biyun take yi don kada a ɓata wa kowa rai. Abin da ake ci kafin azumi na aike ka, ka kawo min wanda ya riga ya fara azumin."

"Wancan naki guda ɗaya kalori ɗari huɗu ne, wani ma ya wuce. Kitsen da ke ciki ya kai giram ashirin da biyar."

"Wa ya ƙirga?"

"Masana."

"Masana ba su da aikin yi. Kakanka shida yake ci kafin ya tafi kamfanin mota."

"Ya kuma mutu yana da sittin da biyu."

"Taba ce ta kashe shi, da surutun yayarsa. Kada ka ɗora wa poncki laifin da bai ji ba bai gani ba."

Derek ya ja kujera ya zauna, ya shafa fuska da hannu biyu. "Busha, rigakafi ya fi magani."

"Ranar biyan buƙata rai ba a bakin komai yake ba."

"Rai ɗin ne ba a bakin komai ba, ko gidan? Juma'a fa gata ce. Abin nan da ke manne a damtsenki, duk abin da ya auna Baba yana gani a wayarsa."

Ta kalli ɗan farin faifan da ke manne a hannunta kamar ta ga kaska. "Ɗan da na yi wata tara ina ɗauke da shi, shi ne ya liƙa min ɗan leƙen asiri a jiki. Kai kuma ya naɗa ka ɗan sanda. Da ka san yawan ɗuwawun da na wanke maka, da kunya ba ta bar ka ka yi min wa'azi ba."

"Ɗuwawu biyu ne kacal, kuma na biya da aske miki ciyawa shekara goma."

"Askin da ka kashe min furanni."

"Sun riga sun mutu. Kamar waƙarki a coci."

"Waƙata ce ta sa kakanka ya aure ni."

"Don ki yi shiru."

Ta ɗauki tsumman shafe tebur ta wurga masa. Ya cafke, ya miƙe ya ɗauki kwalin marayun.

"Bari in ɗumama miki su. In suka yi ɗumi ba za ki gane bambancin ba."

"Kada ka taɓa oben ɗin nan."

Ya tsaya, hannunsa a kan marfin murhun gashin. "Me ya same shi?"

"Ya lalace."

"Ranar Lahadi kika gasa min kabeji da nama a ciki."

"Ranar Litinin ya lalace. Yana fitar da iskar gas. In ka buɗe, duk layin nan sai ya tashi."

Ya dube ta, ta dubi rufin ɗaki. Ya buɗe.

Ƙamshi ne ya fara fitowa. A kan ragar oben ɗin ga ƙunshi biyar a jere, kowanne da irin shigarsa: biyu a ƙananan kwalaye, ɗaya a jakar takarda da maiƙo ya huda, ɗaya a faranti an rufe da adiko, ɗaya kuma har da baƙin zare an ɗaure. Derek ya fito da su ɗaya bayan ɗaya ya jera a tebur. Da ya gama ya tsaya ya riƙe ƙugu.

"Wannan ce iskar gas ɗin?"

"Baƙi ne. Sun shigo shan ɗumi."

"Busha."

"To me kake so in yi? Yau Talatar poncki ce. Wa ke shiga gidan tsohuwa hannu rabbana? Wa kuma ke mayar da hannun kyauta? Ba a coci aka rene ka ba?"

"Na wane ne wannan?"

"Na maƙwabciyata Wanda, ta tsallaken titi. Da kanta ta soya."

"Wanda ta san kina da suga. Ita ta raka ki asibiti."

"Ta sani. Cewa ta yi, ɗaya ba zai kashe ki ba."

"Wannan fa?"

"Irene ta ƙungiyar mawaƙa. Ta ce ɗaya ba zai kashe ni ba."

"Na jakar takardan?"

"Mai kawo wasiƙa. Wancan na farantin kuma Nabila ce, matar Salih mai kanti. Mutanen Yaman ne, ba azuminsu ba ne, amma ta fi ka sanin ya kamata."

"Ita ma ta ce ɗaya ba zai kashe ki ba."

"Kuma duk gaskiya suka faɗa. Akwai wanda ya kawo biyu?"

Derek ya ɗaga mai baƙin zaren. Ya fi sauran girma, kastad na leƙowa ta gefe. Ya karanta ɗan katin da ke jiki, ya sake karantawa.

"Mai gidan shirya gawa? Har da shi?"

"Mutumin kirki ne. Yana kula da masu zuwa."

"Yana gaggauta su dai." Ya zube a kujera. "Unguwa guda ta haɗu za ta kashe min kaka da ladabi. Kowa ya kawo ɗaya ya tafi yana jin ya yi aikin lada. An ba kura ajiyar nama, sannan a ce ni ne mugu." Ya zaro wayarsa. "Bari in ɗauki hoto in tura wa Baba. Ni na gaji."

"Ƙirga su tukuna, ɗan sanda. Duba ko akwai wanda aka gatsa."

Ya duba. Ya juya kowanne. Ko lakutar garin suga ba a yi ba. Ya matso da wayar kusa da faifan da ke hannunta, ya karanta lambar da ta fito, ya ɗago ya dube ta.

"Ba ki ci ba."

"Tun ƙarfe bakwai nake zaune da su. Ni da su muna kallon juna ta gilashin oben."

"Ke? Me ya hana ki?"

"Babu mai plum a ciki." Ta gyara zaman tabarau. "Kuma na ga ɗakin da ubanka ya gyara min. A saman garejin mota yake, tagarsa tana kallon bangon maƙwabci. In zan rasa gidana, ba a kan kastad ɗin mai shirya gawa ba. Na ce in jira na ƙwarai, in ci guda ɗaya, in san abin da na saya da abin da na sayar. Sai ga ka da marayu."

Derek ya sunkuyar da kai yana murza wayar. Sunkuyawar nan ce ta tona shi, don hasken taga ya sauka a kan gemunsa, kuma idon Bronia, wanda ba ya ganin rubutun kwalbar magani, bai taɓa kuskuren ganin suga ba.

"Matso nan."

"Me kuma?"

"Matso in ga furfurar da ta fito maka da safen nan."

Kafin ya ja da baya ta cafki wuyan rigar sanyinsa ta shinshina. Ta lakuci gemun da yatsa ta ɗanɗana. Sannan ta juya bakin hannun rigar, ga baƙin ɗigo ya bushe a jiki. Ta zura hannu a aljihunsa kamar yadda take yi yana ɗan shekara shida, ta zaro 'yar takardar layi mai lamba ɗari da arba'in da bakwai.

"Kantin masu gasa marayu yana ba da lambar layi?"

"Wucewa na yi ta wurin."

"Ka wuce har rigarka ta sha warin kitse. Gwano ba ya jin warin jikinsa. Nawa ka ci?"

"Ɗaya."

"Ramin ƙarya ƙurarre ne."

"Biyu. Awa biyu na yi a tsaye cikin sanyi, Busha. Ana ta kiɗa, mutane na ci a gabana."

"Kalori ɗari takwas. Kitse giram hamsin. Ka ga, ni ma na iya lissafin masana." Ta jingina da kujera, ta harɗe hannu, fuskarta ta washe a karon farko tun safe. "Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Miƙo min wayar bangon can. Ina so in gai da Megan."

Megan matarsa ce, wadda tun watan Janairu take cika masa kwanon abincin rana da ganye, kuma take auna shi kowace Asabar.

"Ba za ki yi haka ba."

"Kai da za ka tura wa ubanka hoto? Laifi tudu ne. Mu buga tare, ka kira naka in kira tawa, mu ga wanda za a fara kwashewa."

"Ke fa tsohuwa ce, ya kamata a ce kina jan carbi kina neman gafara."

"Gobe zan fara, in an shafa min tokar azumi a goshi. Yau Talata ce. Nawa ka saya?"

Ya shiga goge gemunsa da bayan hannu.

"Ba wanda ke yin awa biyu a layi ya sayi biyu. Nawa?"

"Uku."

"Ina na ukun?"

"Yana mota."

"Mai me?"

"Mai plum." Ya ja dogon numfashi. "Naki ne. Na saya, na zo har ƙofar gidan nan, na tuna Juma'a, na juya na tafi na sayo waɗancan. Ina jin haushinki, ina jin haushin Baba, sai na huce a kan biyun."

"Ka bar shi a mota cikin wannan sanyi. Shi kaɗai. Tashi ka shigo da shi kafin in tsine maka."

Ya fita ya dawo da 'yar jakar takarda da maiƙo ya mayar kamar gilashi. Ta karɓa da hannu biyu. Ta fito da shi ta ɗora a faranti mai bakin zinariya, wanda ba ya fitowa sai Kirsimeti. Jajir yake sama da ƙasa, ga farar ɗamara ta zagaye shi. Derek ya ɗauko wuƙa.

"Rabi."

"Ajiye wuƙar nan. Ba a yanka shi, jam ɗin zai tsiyaye. Kai aka yanka maka naka a mota?"

"To saurara. Gwajin Juma'a na wata uku yake dubawa, ba na kwana uku ba. Guda ɗaya ba zai rusa shi ba, tunda kin yi ƙoƙari tun Kirsimeti. Shida kuwa yau ɗin nan za su iya kai ki gadon asibiti, kuma daga can ba nan za a dawo da ke ba."

"Tun ɗazu ka san haka, ka bar ni ina zagin marayun mutane?"

"Na san halinki. In na ce ɗaya, sai ki ji dozin."

"Faɗi sharuɗɗanka, ɗan Stan."

"Ki fara cin dafaffen ƙwai biyu. In kin gama, mu taka har coci mu dawo. Biyar ɗin nan su bar gidan nan yanzu. Ni zan kira Baba in ce da izinina kika ci, in lambar ta hau a wayarsa ya yi faɗa da ni. Daga gobe kuma, kwana arba'in ba suga."

"Azumi za ka koya min? Shekara saba'in ina yinsa ba wayar da ke gadina. Kai ne ka shiga gidan motsa jiki ranar ɗaya ga Janairu ka fito ranar uku." Ta dubi biyar ɗin, ta ɗan jima tana dubansu. "Megan kuma ba za ta ji komai daga bakina ba, muddin ka wanke gemun nan. Amma ba za a zubar da su ba. Ba a zubar da abinci a gidan nan."

"Sai in mayar wa masu su."

"Ka haukace? Ka mayar wa Wanda abin da ta soya da hannunta? Sai ta shekara goma ba ta gaishe ni ba, kuma ba mu da shekara goman. Juya su za ka yi. Na Wanda ka kai wa Irene. Na Irene ka ajiye wa mai kawo wasiƙa. Nasa na babban kanti ne, an rubuta a jikin jakar da man waken soya aka soya, shi za ka kai wa Nabila. Kada ka kuskura ka doshi ƙofarta da na Wanda, kitsen alade ne. Na Nabila ka ba Wanda, amma ka sauya faranti, ta san farantin. Kowa ka ce masa Busha ta aiko da nata, kuma ta ce nasa ya fi na kowa daɗi."

"Ƙarya biyar a jajibirin azumi."

"Huɗu. Na mai shirya gawa shi za ka mayar masa da abinsa, da zarensa. Ka ce na ce ya ci, ɗaya ba zai kashe shi ba. Mu ga wanda zai riga wani."

Dariya ta ƙwace wa Derek har sai da ya dafa tebur. "Marayun fa?"

"Kai wa uwarka. Za ta ce sun yi zaƙi da yawa."

Ta ci ƙwan biyu tana harararsa. Sannan ta ɗauki poncki ɗinta da hannu biyu, ta gatsa, ta rufe ido. Jam ya gangaro mata a haɓa, ba ta share ba. Derek ya miƙo hannu wai ya ɗanɗana gefe, ta buge hannun ba tare da ta buɗe ido ba. Sai da ta gama tas, ta tsince garin sugan da ke farantin da ɗan yatsa, sannan ta ce ya ɗauko takarda da biro, akwai sanarwar da za a liƙa a ƙofa kafin Fada, limamin cocinsu, ya fito zagaye, don shi ma ba ya zuwa hannu rabbana.

"Me zan rubuta?"

"Rubuta da manyan baƙi, duk makafi ne. Ka ce: Bronia ta ci nata, ta gode. Baɗi in tana raye, ku haɗa baki ku kawo guda ɗaya tak, mai plum, soyayye. In kuma ba ta raye, ku kawo dozin goma zauren coci ku ci a madadinta. Amma don girman Allah, kada ku aiki Derek."